Fuskar Sha'aban ta Yumɓu

Shekarar dai ta ɓace mini. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko da damina ce ko da kaka, sai in ga hadari a raina, can kuma in ga an yanke gero. Haka tsufa ke yi wa mutum, ya cinye gefen labari ya bar masa tsakiyar. Tsakiyar kuwa ina riƙe da ita, domin Kubura da kanta ta zauna a zaurena, nan Daura, ta faɗa mini.

Wata yamma ce ta rufe kekenta na ɗinki, ta ja mayafi, ta ce wa makwabciyarta ta sa ido a kan tsohuwa, za ta je karɓo saƙo. Ba ta faɗi ko wane irin saƙo ba ne.

Kubura tela ce, ita ce autar Hajiya Maiturare. Yayanta Sha'aban fataucin shanu yake yi, ya saro a Mashi ya kai Kudu. A can zazzaɓi ya kama shi, a can aka binne shi, sai waya aka bugo musu. Kafin nan idanun tsohuwar sun riga sun mutu. Ba ta yi wani kuka mai yawa ba. Sai da aka share makoki ta fara wata magana da ta hana ɗiyarta sakat.

"Fuskarsa tana guje mini, Auta. In na kamo goshin, sai haɓar ta tafi."

Kubura ta sa mata wayar da ke da hotonsa a hannu. Tsohuwar ta shafa gilashin, ta miƙo mata abinta.

"Wannan ai santsi ne kawai."

Kullum maganar ke nan, safe da yamma, har abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi. Nan ne wata mai kawo ɗinki ta ba Kubura labarin Kabo. Mutum ne mai yin tukwanen fulawa na siminti a bayan gari, ta hanyar Mashi. Ya yi karatun zane a Zariya, kuma in an matsa masa yakan gina kan mutum da yumɓu, daga ƙirji zuwa sama, ya gasa shi. Kubura ta san abin da za a ce, gunki za a ce. Ni ma da ta tambaye ni da na hana ta. Ba ta tambaya ba. Ita dai so take uwarta ta shafa fuskar ɗanta ko sau ɗaya kafin ta bar duniya.

Ta je ta sami Kabo, ta ba shi hoton. Aikin ya ja. In Kabo ya ce an gama, sai ta ɗauki tsohuwar a adaidaita, a ce wa mutane asibiti za a je. Maiturare ta ɗora yatsu a kan ɗanyen yumɓun, ta bi shi a hankali.

"Goshin ya yi faɗi. Wannan na kawunsa ne."

Aka gyara goshi. Aka dawo.

"Ina tabon da saniya ta yi masa a ƙasan ido?"

"Inna, bai fito a hoto ba."

"To hoton ne ya haife shi?"

Aka sa tabo. Kubura ta bar ɗinkin biki a kan keke, masu kaya suna ta sintiri, ita tana ta jigila. A zuwa na ƙarshe tsohuwar ta daɗe tana shafawa, har Kubura ta fara sauke ajiyar zuciya. Sai yatsan ya tsaya a ƙarƙashin hanci.

"Kun toshe shi."

"Inna, yumɓu ne."

"Na ce kun toshe masa hanci. Ta ina zai sha iska? Wannan ba ɗana ba ne, ku mai da ni gida."

Kubura ta juya wajen Kabo. Gaskiya ne, hancin ya fito sak, amma inda ƙofofin za su kasance ɗan loɓawa kawai ya yi. Haka kunnuwan, haka leɓɓan a manne.

"Malam, huda biyu ne fa. Ko ni zan iya."

"Malama, ki ce in sake komai, zan sake. Wannan ne ba na yi." Yana magana yana goge hannu da tsumma. "Wanda ya koya mini aikin nan abu ɗaya ya sa na yi masa alkawari a kai. Kada in bar ƙofa. Gida ne aka gina ba mai shi. In akwai ƙofa, ba a rasa mai shiga."

"Watanni ina zarya, sai yau za ka kawo mini tatsuniya?"

Tun daga ranar Maiturare ta kwanta, ta juya wa kowa baya, ko kunu sai da lallashi. Kubura ta kira Kabo ta roƙe shi, ta yi faɗa, ta sake roƙo. Ya ce zai gasa kan yumɓun yadda yake, ta zo ta gani kafin ya sa a wuta.

Saƙon ke nan da ta fita karɓa.

Mai adaidaitan ya sauke ta a bakin titi, ya ce ba zai jira ba, salla ta gabato. Daga nan sai 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki. Rana ta faɗi, sama ta yi ja. Tana isa rumfar kwanon da Kabo ke aiki a ciki ana kiran magariba a wani ƙauye can nesa, sunansa na cikin abubuwan da suka ɓace mini.

Ta yi sallama. Shiru. Butarsa tana bakin ƙofa, ƙasa a jiƙe, takalmansa ba sa nan. Ya tafi masallaci.

Ranta ya ƙara ɓaci. Yau ma sai ta jira shi, yau ma sai ta ji wannan maganar, ta koma gida hannu biyu ta tarar da bayan uwarta.

Ta shiga.

Ciki da sanyi, ga warin jiƙaƙƙen yumɓu da siminti. Tukwane a jere jikin bango. Wani wuri ruwa yana ɗiga a cikin bokiti. A tsakiya, kan teburin katako, an lulluɓe abin da ɗanyen tsumma don kada ya bushe.

Ta yaye tsumman.

Sha'aban ne. Har yadda yake ɗan karkatar da kai in ana ciniki. Ta daɗe tana kallonsa. Sai idonta ya faɗa kan tsintsiya a jingine.

Ta zari tsinke ɗaya.

"Huda biyu," ta ce a hankali. "In ya gasa ma ba zai lura ba."

Yumɓun yana da taushi. Ta tura tsinken a hancin ta dama, ta murza, ta zare. Ta tura a hagu. Ta share gefen da ɗan yatsa, kamar yadda take kwantar da bakin ɗinki. Ta ja baya ta duba. Ya yi kyau. Ba abin da ya faru. Ta kusa yin dariya.

Sai ta lura ɗigar ruwan ta tsaya.

Kwaɗin gona ma sun yi shiru.

Wani ɗan sauti ya taso, siriri, irin na iska in tana bi ta ramin makulli. Ta duba kwanon rufi. Ba daga can ba ne. Ta duba ƙofa. Ganye ko ɗaya ba ya motsi.

Bakin mayafinta ya ɗaga. Ya miƙe a hankali, ya nufi teburin.

Numfashi ne. Amma ja kawai ake yi, ba a fitarwa.

Warin yumɓun ya canza. Ta ji warin kara, inda ake cinikin shanu, da turaren da yayanta ke shafawa ranar Juma'a.

"Auta."

Leɓɓan ba su motsa ba. Ta hanci muryar ta zo, kamar ta mai mura, kuma cikin jan iskar aka yi ta.



"Auta. Saura baki."

Ta buɗe nata bakin za ta yi ta'awizi. Iskar da za ta yi shi da ita babu. Ta ja, ba ta samu ba. Duk abin da ke ƙirjinta yana fita, yana bin hanya ɗaya da mayafin.

"Inna na jira. Ɗan tsaga kawai."

Muryarsa ce. Haka yake roƙonta ta ɗinke masa aljihu da asuba in zai yi tafiya. Ta ga hannunta na dama yana ɗagawa. Tsinken yana nan tsakanin yatsunta. Ba ita ke ɗaga shi ba. Ko kuma ita ce, domin wani ɓangare na zuciyarta yana cewa, in ya yi magana, Inna za ta ci abinci.

Kan tsinken ya taɓa leɓe.

Leɓen da ɗumi.

Idanunta suka fara rufewa da duhu. Hannun hagu ya lalubi teburin don kada ta faɗi, ya faɗa kan ɗanyen tsumman.

Ta damƙe shi. Ta maka shi a fuskar yumɓun.

Tsumman ya lotsa ciki wuri biyu, ya manne. Sautin ya shaƙe.

Iska ta faɗo mata a ƙirji kamar an buge ta. Ta yi baya, ta ture tukunya, ta faɗi, ta rarrafa. A bakin ƙofa sunan Allah ya fito mata, guntu-guntu. Ba ta waiwaya ba. Takalmi ɗaya ta bari a can.

A tsakiyar gonaki ta yi karo da Kabo yana dawowa. Ya dubi fuskarta, ya dubi tsinken da har yanzu ke hannunta.

"Nawa kika buɗe?"

"Hanci."

"Bakin fa?"

Ta girgiza kai. Ya cire hularsa ya cusa a aljihu, ya tsinci wani dutse, ya wuce ta da sauri yana karatu a ƙasa-ƙasa.

Da ta isa gida, makwabciyar tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce lafiya lau, ba wanda ya shigo, ita tun ɗazu tana nan bakin ƙofa. Kubura ta ɗaga labule ta kunna fitila.

Maiturare tana zaune a bakin gado, ita da ta yi kwanaki ba ta tashi ba. Hannuwanta biyu a kan cinya, tafin a sama. Sun yi jajir da ɗanyen yumɓu har wuyan hannu.

"Ya zo," ta ce. "Ya durƙusa nan, ya sa mini fuskarsa. Shi ne, Auta. Har tabon."

Kubura ta jingina da bango.

"Yana ta so ya gaya mini wani abu, bakin ya ƙi buɗuwa. Sai kuma aka fizge shi." Ta juyo da matattun idanunta daidai inda ɗiyarta take. "Me ya sa ba ki ƙarasa ba?"

Tsohuwar ta ci tuwo a daren nan, ta kuma ci gaba da ci. Ba ta sake cewa fuskar tana guje mata ba. Amma tambayar nan ba ta bar ta ba. Ta yi wajen shekara tana yi wa Kubura ita, wani lokaci da faɗa, wani lokaci da lallashi. Ita Kubura kuwa tun daga ranar numfashinta bai koma daidai ba. In ta yi doguwar magana sai ta tsaya ta huta, abin da ya kawo ta wurina ke nan neman addu'a.

Ni mutum ne mai son bin diddigi, tun ƙafafuna suna da ƙarfi. Na je na sami Kabo. Ya ce ya farfasa abin a daren, ya zuba a rami ya binne. Amma kafin ya sauke dutsen ya yaye tsumman ya haska. Da la'asar ɗin ranar shi da kansa ya goge fuskar da ruwa, sumul ya bar ta. Sai ga sawun yatsu a kumatun biyu, ƙanana, sun nutse sosai. A ɓangare ɗaya sawu huɗu ne da rabi, ɗan ƙaramin yatsan bai kai ba.

Bayan kwana biyu na shiga gaishe da Hajiya Maiturare. Tana jan carbi muna gaisawa, na dubi hannunta na hagu. Ƙaramin yatsan guntu ne. Ta ce turmi ne ya cinye mata shi tun tana yarinya.