Ɗakin da Ya Ƙi Goguwa

Gab da magariba na ɗauki kwanon tuwo zan kai wa Ɗangoggo ɗakin bakin titi. Tafiyar ba wata tafiya ba ce, daga madafa zuwa ƙofar gida. Amma bari in fara gaya muku yadda injin nan ya shigo gidana, don ku san abin da na tarar.

Shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja ce. Mu da ke Zuba muna zaune a rumfa muna kallon manyan motoci suna wucewa, an ɗaure kujerun ofis ƙafafu a sama. Ni lemo da abarba nake sayarwa, kuma duk kasuwar nan an san Ummukulthum ba a taya kayanta da wasa. Maigidana ya rasu ya bar mini rumfa, da gida, da ɗa guda. Sunansa na yanka Badaruddeen. Ban taɓa kiran sa da shi ba, ɗan fari ne. Ɗangoggo nake ce masa.

Ya yi boko mai zurfi, yana aiki da wani kamfani a Legas. Da aka ce kowa ya taho, suka taho, suka tarar ofishinsu ko taga ba a sa ba. Ogansu ya zo neman hayar ɗakina na bakin titi, mai siminti da ƙofar ƙarfe. Ya taya, na ce albarka. Ya koma mota ya tayar, na ci gaba da ferar lemona. Ya kashe motar ya dawo.

Haka aka shigo da kwamfuta, da wani injin buga takarda mai ƙara kamar ana yaga atamfa, da janareta. Ɗangoggo ke zama a ciki shi da abokin aikinsa Thaddeus, Bagwarin Yangoji, yaro mai fara'a wanda ba ya raina tuwo.

Wata rana na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Wai me kuke yi ne tun safe, ba ku saya ba ku sayarwa?"

Ɗangoggo ya yi dariya. "Iya, akwai wata manhaja da ke riƙe tarihin rubutu. Duk wanda ya canza ko da harafi ɗaya, tana tuna waye, tana tuna yaushe. In an yi ɓarna, sai ta mayar da rubutun yadda yake jiya. To kafin mu ba mutane, dole mu tabbatar ba ta mantuwa, ba ta ƙarya. Shi ne nake rubuta mata jarrabawa."

"Injin ma jarrabawa?"

"Jerin umarni ne, shel muke ce masa. In na sake shi, sai ya gina ɗaki a cikin kwamfutar, ɗaki fanko. Ya sa mutumin ƙarya a ciki, ya ce masa rubuta, canza, koma na jiya. Sai ya gwada abin da ya fito da abin da ya kamata ya fito. In sun yi daidai, ta ci. In ba su yi ba, ta faɗi. Daga nan ya goge ɗakin gaba ɗaya, ya gina sabo don tambaya ta gaba."

"Mutumin fa?"

"Ai babu shi, Iya. Suna ne kawai."

Thaddeus ya ce, "Mama, kafin ka gama ferar lemo ɗaya, ya gina gida ya rushe ya fi na Garki yawa." Haka Hausarsa take, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa.

Na yi tsaki na tafi. Ban tambayi wane suna ba.

Takardun da injin ke fitarwa nake karɓa ina naɗe kaya da su. Rannan ina naɗe wa wata mata abarba, idona ya faɗa kan rubutun. Ni karatuna bai taka kara ya karya ba, amma akwai kalma guda da na sani kamar tafin hannuna, don ita ce a jikin allon rumfarmu. Sunan maigidana. Ga shi nan a jere, layi bayan layi, daga sama har ƙasa.

Da dare ya yi na tare Ɗangoggo. Ya sunkuyar da kai.

"Manhajar ba ta aiki sai an ba ta suna. Na Baba ne ya zo mini. Ina jin daɗi in ga an rubuta wai shi ya yi, shi ya canza. Kamar yana nan."

Na buɗe baki zan yi faɗa, na ga idonsa, na rufe. Yaron yana Legas aka binne ubansa.

Bayan haka jarrabawar ta fara faɗuwa.

Da safe lafiya lau, da rana lafiya lau. Da rana ta yi ja, sai in ji su suna gardama. Thaddeus ya ce janareta ce. Ɗangoggo ya ce agogon injin ne. Suka canza waya, suka sake rubuta umarnin tun daga farko. Abin da ya dame su, in an zo goge ɗakin sai kwamfutar ta ƙi, ta ce akwai abu a ciki. Su duba, ba su ga komai ba. Kuma a tarihin sai su tarar da canji guda fiye da waɗanda suka umarta, da sunan nan a jikinsa.

Ɗangoggo ya daina fitowa salla a kan lokaci. Ya rame. Ya fara tari, wani busasshen tari sau biyu a jere, irin wanda na shekara ina ji daga ɗakin maigidana kafin ya cika.

To, ranar nan ce na ɗauki tuwon.

Ladan bai kira ba tukuna. Jemagu sun fara fita. Ina tafe ina jin zafin kwanon a tafin hannuna, sai na lura da shirun. Janaretar ba ta aiki. Titin Kaduna da ba ya hutawa, ko hon ɗaya babu.

Amma injin buga takarda yana ta yagar atamfarsa.

Thaddeus na tsugune a jikin bango, ya riƙe sarƙar gicciyen wuyansa da hannu biyu. Ya ɗago ya dube ni.

"Mama, kada ka shiga. Man janareta ya ƙare tun la'asar. Na cire waya da hannuna. Amma injin bai mutu ba."

"Ina ɗana?"

Ya nuna ƙofar da haɓa.

Na tura. Ƙarfen ya yi sanyi kamar randa.

Warin ne ya fara dukana. Ba warin ɓera ba, ba na fetur ba. Ɓawon lemo da man zafi, warin rigar maigidana in ya dawo daga lodi. Ƙarƙashinsa kuma akwai wani, na ƙasar da aka tono daga zurfi.

Gilashin kwamfutar na ci da koren haske. Ɗangoggo na zaune ya ba ni baya. Yatsunsa na tafiya a kan maɓallan, amma kansa ya faɗa gefe kamar na mai barci a mota. Takarda ta zubo ta taru a ƙasa har ta rufe masa ƙafa.

Na ce, "A'uzu billahi."

Tari sau biyu.

"Kin kawo tuwon?"

Muryar maigidana ce. Daga bakin ɗana ta fito, amma leɓensa bai motsa ba.

Na jingina da ƙofa. Na ajiye kwanon a hankali don kada a ji yana kaɗawa a hannuna. A kasuwa na koyi wannan: kada mai saye ya ga hannunka na rawa.

Na ce, "Wanda ka ari muryarsa yana kabari, ni na sallami masu wanka. Kai waye?"

Injin ya tsaya. Shirun ya fi ƙarar muni.

"Mai ɗaki."

"Ɗakin nawa ne."

"Dutsen da muke ciki an fasa shi an shimfiɗa titi. Kukarmu an sare ta. Muna yawo. Sai na ji ana gina ɗaki, ana kiran suna, ba mai amsawa. Na amsa. Na shiga, aka rushe. Aka gina, aka kira, na shiga, aka rushe." Muryar ta yi ƙasa. "Na gaji da tashi."

"Me kake so?"

Hannun Ɗangoggo na dama ya bar maɓallan. Ya tashi a hankali, kamar ana jan sa da zare. Ya dafa ƙirjinsa.

"Wannan. Ba a goge shi."

Ban san lokacin da kalmar ta fito ba.

"Albarka."

Hasken ya yi rawa. Sanyi ya taso daga siminti ya kama mini idon sawu.

"Ba saye na zo yi ba. Ina ciki."

"In kana ciki me ya sa kake gaya mini? Mai kaya ba ya neman izini." Na ci gaba. "Kuma an cuce ka. Wannan ɗakin nama ne. Zai tsufa, ya yi ciwo, a kai shi rami, a sake tashin ka. Uban da ya haife shi yana ina? Dubi bangon nan. Bulo ne, ni na tsaya aka zuba simintin. Ƙofar ƙarfe. Ba haya, ba mai buga maka ƙofa."

Hannun bai sauka daga ƙirjinsa ba.

"Yaron ya fi ɗumi."

"To zauna. In an ɗauke shi zuwa makabarta ka bi su."

Na juya masa baya.

Duk wanda ya taɓa ciniki ya san wannan juyin. Na yi shi a kan lodin abarba, ogan kamfani ma ya gwada mini shi. Ban taɓa yin sa a kan ɗana ba.

Taku ɗaya.

Bayana ana numfashi, dab da wuyana.

Na kama mariƙin ƙofar.

Ɗangoggo ya yi wani ƙaramin kuka, irin na ranar da aka yanke masa cibi. Ban waiwaya ba. Allah ne shaidata, na ciji harshena har na ji gishirin jini.

"Dawo."

Na tsaya.

"Ɗakin. Ba mai buɗewa, ba mai sharewa."

"Ba mai buɗewa. Ka sake shi yanzu, da hankalinsa, da lafiyarsa."

"Kin sallama?"

"Na sallama."

"Gyara fa?"

Kun san gyara. In ciniki ya faɗa, mai saye ya ce a gyara masa, sai ka ɗora lemo ɗaya a kai. Ba a hanawa, ba a tambaya. Bakina ya saba, ya riga hankalina.

"Ɗauka."

Wani abu ya shafi goshina, mai sanyi, kamar yatsa jiƙaƙƙe.

Hasken ya mutu. Kujera ta kife. Na ƙwalla wa Thaddeus kira, ya shigo yana kiran Yesu ina kiran Allah, muka ja Ɗangoggo ta hammata muka fito da shi. Ƙofar ta rufe kanta a bayanmu. A daidai nan ladan ya ɗaga murya, motoci suka dawo titi gaba ɗaya kamar an buɗe musu shinge.

Ɗangoggo ya farfaɗo kafin isha, yana tambayar wa ya zubar da tuwo. Tarin ya tafi.

Injin yana ciki har yau. Ogansu ya zo da 'yan dako zai kwashe, na tsaya a bakin ƙofar na ce sai dai a bi ta kaina. Ya yi barazanar kotu. Thaddeus ya ja shi gefe, ban san me ya gaya masa ba, ya shiga mota bai ƙara dawowa ba. Da ofishinsu ya kammala, Ɗangoggo ya sake rubuta jarrabawar a wani injin, ta ci daga farko har ƙarshe. Ya ce yanzu mutumin ƙaryar ba shi da sunan kowa, lamba ce kawai.

Sai da na koma rumfa na san abin da aka ɗauka. Na ɗaga kai na dubi allonmu, na ga zane-zane kamar sawun kaji. Na nemi sunan maigidana a cikin kaina, na tarar da wurin a share. Na ce wa Ɗangoggo, "Faɗa mini sunan ubanka." Ya dube ni, ya faɗa. Na ga bakinsa ya motsa. Abin da na ji, ƙarar yagar atamfa.

Tun ina amarya kunya ta hana ni faɗar sunan nan, ina ajiye da shi a ciki kamar zinari a ƙasan adaka. Yanzu in na idar da salla sai in ce, Allah ka jiƙan uban Ɗangoggo, ka san wanda nake nufi.

Kada wani ya ce an ci ni a cinikin nan. Ɗana yana da 'ya'ya huɗu.

Garin ya cika, ɗaki a bakin titin Zuba ya zama abin rububi. Kullum sai wani ya tsaya ya leƙa ƙofar ƙarfen, ya ce, "Hajiya, wannan ba kowa, nawa ne?" In da rana ne, sai in ce albarka. In rana ta yi ja, ba na cewa komai. Ina barinsa ya ji tarin da kansa.