Dashe a Gonar Aro

"Na janye maganar auren nan! A mayar masu da kayansu!"

Ludayin da ke hannun Rumaisa ya faɗi cikin toka. Muryar mahaifinta ce, Malam Lado.

"Haba Yaya," in ji ƙanwarsa Gwaggo Hansai, "mi Sufyanu ya yi?"

"Mi ya yi? 'Yan bindiga sun koro shi daga Runka, na ba shi aron gona, na ba shi ɗiyata. Yau Muntaka ya kai ni na gani da idona, gawo arba'in an dasa ciki! Duk garin nan na Karare wa bai san mai aron gona ba ya dasa icce? Wanda ya dasa, ƙasar yake nema!"

Rumaisa kuwa ta san ita ce ta dasa.

Kamfanin da ke sayen gyaɗar garin ne ya haɗa hannu da wani kamfanin raya itatuwa, suka ce ƙauyen da ya rayar da dashe dubu za a haƙa masa burtsatse mai sola. Rumaisa suka ɗauka aikin rabon dashen. Arba'in suka rage mata, ga masu dubawa na tafe, sai ta zuba su a gonar da Sufyanu ke nomawa. A ganinta ai gonar Baba ce. Karatun boko ya koya mata amfanin gawo, bai koya mata wannan ba.

Shi kuwa Muntaka, ɗan baffanta da ta ƙi tun bara, faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Kwana uku ta kasa ci, ta kasa zama wuri ɗaya. Ta nufi turakar Baba ta dawo ya fi sau goma. Tsoronsa take ji, wallahi.

Ran na huɗu da hantsi ta kira Sufyanu a waya.

"Rabin raina... me ka ce wa Baba?"

"Na ce ya yi haƙuri."

"Shi ke nan? Ai ka san ni ce!"

"Na sani, sanyin idona. So kike a ce ɗiyar Malam Lado ba ta san al'adar garinsu ba? Ni baƙo ne, bakin mutane ba zai daɗe kaina ba."

Ta ji ƙugin mota a bayansa.

"Ina kake?"

"Tasha. Akori-kurar Runka ta kusa cika."

"Runka?! Ka manta abin da ya fitar da ku?"

"Ba ni da gona nan kuma, Rumaisa..."

Ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗa zaure, ta zube gaban mahaifinta da baƙinsa, har da Muntaka.

"Baba, ni na dasa! Da hannuna! Ko sani bai yi ba sai da suka kama!"



"Rufa masa asiri take, Baffa," in ji Muntaka.

"Rufe mani baki!" Malam Lado ya juyo gare ta. "Ke? Kuma na zage shi gaban jama'a, bai tona ki ba?"

"Mutuncinka ya tsare, Baba. Yanzu haka yana tasha, Runka zai koma."

Tsohon ya miƙe, ko hula bai tsaya nema ba ya tayar da babur. Rumaisa ta bi shi a guje, hawaye na zuba.

Ta iso tana haki, ta tarar ya gindaya babur ɗin gaban motar, direba na ta salati. Sufyanu na zaune kan buhuna, kansa a sunkuye.

"Sauko!" in ji Malam Lado.

"Baba, zan aiko a tumɓuke su..."

"Wa zai taɓa su? Jinina ya dasa, gonar ba ta bar gida ba. Daga yau ta Rumaisa ce, na ba ta halak malak." Ya sassauta murya. "Kai kuma ka yafe mani. In kana son noma ta, sai ka nemi aro wurin matarka."

Sufyanu ya diro, ya durƙusa, ya ɗago jajayen idanunsa ya dubi Rumaisa.

"Za a ba ni aron?"

Dariya da kuka suka haɗe mata.

"Ba na ba da aro," ta ce. "Sai dai ka zauna."