Injin Gindin Kuka

Kai, ku matso ku ji abin da ya faru gidan Abdulganiyu direba, nan bayan tashar Bagudo, ko sati ba a yi ba!

Shi dai Abdulganiyu 'yan kasuwa yake jigila zuwa Illo, kuma motarsa ta gaji, in an loda mata kaya ko tudu ba ta hawa. Sai ya ƙetara iyakar Benin ya sayo wani ƙaton inji mai silinda shida, wanda ya shekara bakwai a yashe gindin wata kuka. Ya haɗo da sabon bututun shaƙar iska mai ƙyalli, da jar matatar iska mai faɗin baki. Kwana uku yana ɗaurawa a tsakar gida.

Ran Laraba, gab da magariba, ya gama. Matarsa Rabi'atu ta ce, "Maigida, ƙarfen da ya daɗe ƙasa ai sai an ƙwanƙwasa sau uku an yi bisimilla. Ka bari gari ya waye mana."

"Ke Rabi, inji ne hwa, ba ɗakin surukai ba!" Ya yi dariya, ya murɗa makulli.

Inji ya ɗauka da ruri. Can cikin rurin sai ga wani siririn kuka, irin na jinjiri. Ya kashe. Gidan ya yi tsit, kaji ma suka maƙale jikin bango. Sai ƙwal, abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ƙwal, wani, ya gangaro ƙasa. Ya duƙa ya ɗauka, ashe notin inji ne, da zafi jau kamar daga murhu.

Ɗiyarsa tilo, Mashkura, tana alwala bakin randa. Sai kawai ta sulale ƙasa. Ko da ya ɗago ta, hannunta na hagu ya ƙandare, bakinta na warin baƙin mai.

Kwana biyu ba ci ba sha, jiki kamar garwashi. Asibiti suka ce ba su ga komi ba. Abdulganiyu na zaune gefenta yana kallon tana ƙarewa, ya kasa haɗa ido da Rabi'atu.

Ran Juma'a bayan la'asar aka ɗauko Malam Attahiru daga Matsinkai. Ya zauna ya daɗe yana karatu yana tofawa. Sai Mashkura ta miƙe zaune, ido a rufe.

"Wa ke nan?" in ji Malam.

"Mai gidan da aka sato." Wallahi muryar tsohuwa ce, a dishe. "Shekara bakwai ina cikin ƙarfen nan da ɗiyana uku. Ba sallama, uban yarinyar ga ya kunna muna wuta. Autana ya ga bututu na ƙyalli ya shiga wasa, inji ya zuƙe shi."

"Mi kike so?"

"Ɗa ya tafi, ɗiya za ta tafi."

"Ba ita ta murɗa makulli ba. Ki ji tsoron Allah, ko in ci gaba da karatu."

Ya ci gaba. Ta yi ƙara, noti ya riƙa zubowa kan kwano kamar ƙanƙara.

"Tsaya, Malam! A maida mini gidana da keken shanu, kada a sake tada shi. Har da bututun, nan ne kabarin ɗana. Amma hannun yarinyar ga, na riƙe."

Abdulganiyu ya durƙusa gabanta. "Baiwar Allah, ni na yi laifi. Ga hannun da ya murɗa. Ki sakar mata nata."

"Abdulganiyu, kul!" in ji Malam. Ina, magana ta riga ta fita.

Mashkura ta yi atishawa sau uku. Yatsunta suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Inna, ruwa." Rabi'atu ta fashe da kuka. Shi kuwa sai ya ga hannunsa na dama yana naɗewa a hankali, har ya dunƙule.

Da hannun hagu ya kwance injin nan. Asabar da hantsi aka ga keken shanu ya nufi iyaka, shi yana biye a ƙasa.

Motar na nan tsakar gida, baki buɗe, ciki fayau. Mashkura ta koma makaranta jiya. Babanta kuwa, yanzu ko ɗakinsa zai shiga, sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa sau uku da hagu.