Kwanon Rufin Gidan Malam

A kan allon ajin akwai rabin lissafin da ba a goge ba, an kuma ɗaura igiyar shanya daga ƙusar allon zuwa taga. Abin da Sufeton 'yan sanda ya fara gani ke nan da ya leƙa. A nan matar Malam da 'ya'yanta mata biyu suke zaune tun ranar da ambaliya ta ci gidansu, ta tafi da Malam ɗin kansa, wanda yake koyarwa a makarantar.

Iyayen yara ne suka haɗa hannu. Birkila ya ta da bangon sabon gida kyauta, wani ya kawo katako, sauran suka sayi kwanon rufi aka ajiye a siton makaranta. Yau da safe aka buɗe sito za a fara rufi, babu kwano ko falle ɗaya.

"Ranar Litinin yara za su dawo, yallaɓai," in ji hedimasta. "Dole in karɓi ajina. In ba rufi, yayanta zai zo ya kwashe su. Ita gidansa, yaran kuma gidan wata gwaggo."

"Su wa ke da makullin sito?"

"Ni, da kafinta, da maigadi."

Kwaɗon lafiya lau yake, ko ƙwarzane babu. A lungu ga kwalin ƙusoshi a cike. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya taɓa shi da ƙafa.

"Ɓarawon nan yana da kara, yallaɓai. Ya bar mana abin bugawa."

Sufeto bai yi dariya ba. Mai niyyar sayarwa ba ya barin abin da zai shiga aljihu ya ɗauki mai yanka hannu.

Kafinta yana tsaye shi kaɗai a gindin tanki, sauran iyaye sun ja gefe suna hararsa. 'Yarsa ajin Malam take.

"Yaushe rabonka da sito?"

"Tun ranar da aka kawo kayan."

"Hedimasta ya ce shekaranjiya ka shigo da abin awo."

Kafinta ya share zufa da hularsa. "Na shigo. Na ga tarin ya ragu sosai. Na yi shiru."

"Don me?"

"Haba yallaɓai. In kwano ya ɓata, wa za a fara kallo in ba kafinta ba? Ga shi ma ana kallona."

Ashe ba rana ɗaya aka kwashe ba. Kaɗan-kaɗan aka riƙa ɗauka.

Matar Malam tana zaune a kan bencin yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Ba ta ɗago ba.

"Ba ku taɓa jin motsi ba, Hajiya?"

"Ban ji ba. Ni yanzu ko kirana aka yi sai an maimaita."

"Wa ke taimaka muku a nan?"

"Da rana mutane ba sa yankewa, Allah ya saka musu. In yamma ta yi kowa ya koma gidansa, sai Baba maigadi. Shi ke ɗebo mana ruwa, tare muke cin abinci. Kwana biyun nan ne bai iya ɗaukar bokiti ba, ya ce hannunsa."

Ɗakin maigadi yana bakin ƙofar makaranta. Tabarma, buta, tocila, sai riga ɗaya a rataye. Tsohon ya miƙe, hannuwansa a baya kamar ɗalibi.

"Baba, me ka gani?"

"Ban gani ba, ɗana, ji na yi. Ƙarar mota, wajen asuba."

"Mota?"

"Babba ma kuwa."

"Ta ina ta biyo? Gada ta karye. Mu kanmu a can ƙetare muka bar tamu, muka tako da ƙafa." Sufeto ya sassauta murya. "Nuna mini hannunka."

An naɗe tafukan da tsumma. Ƙarƙashinsa yanka-yanka ne sirara a jere, wani ya bushe, wani ɗanye.

A bayan ɗakin akwai tarin karyayyun kujeru da aka lulluɓe da tampol. Kofur ya ɗaga gefe ɗaya. Kwanon yana nan a jere, har an sa duwatsu a ƙasa don kada laka ta taɓa shi.

Tsohon ya zauna a ƙasa.

"Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Tun da tsohuwata ta rasu, in aka buga ƙararrawar tashi ba mai sake ce mini sannu sai gobe. In aka yi hutu kuwa har muryata nake mantawa. Sai ga su. Ƙaramar tana ce mini Kaka. Jiya ta ce in buɗe baki ta ƙirga haƙorana." Ya yi ɗan murmushi, ya haɗiye shi. "Na ce in aka yi rufin nan sun tafi ke nan. Na ce bari su ƙara ko wata ɗaya."

Sufeto ya tuna ɗakinsa na bayan caji ofis, da rediyon da yake bari a kunne don ya tarar da murya in ya dawo. Ya kawar da kai.

"Baba, ba wanda ya gaya maka? Ranar Litinin za a karɓi ajin. Da ba a ga kwanon nan ba, raba su za a yi, uwar wani gari, yaran wani gari."

Tsohon ya dafe kansa da hannu biyu.

Kafin a jima iyaye sun taru suna ɗaukar kwanon bibbiyu, kafinta yana gaba yana ba da umarni da ƙarfi, waɗanda suka harare shi ɗazu suna amsa masa. Matar Malam ta fito bakin aji.

"Yallaɓai, ni na yafe. A bar shi."

"An riga an shigar da ƙara, Hajiya. Sai ya zo ya ba da bayani. Zan rubuta abin da kika ce." Ya juya ga kofur da ya ciro ankwa. "Mayar da ita."

Ƙaramar yarinyar tana bin masu kwano da gudu, tana tambayar ko yau za su kwana a gida. Maigadi ya dube ta har ta sha kwana. Sannan ya kwance makullai daga ƙugunsa, ya ajiye a kan tagar ɗakinsa, ya wuce gaban 'yan sandan ya fita.