Bugu Biyu a Bayan Mota

Akwai laifin da ba a kai mutum kotu a kansa, amma ya fi sata muni: ɗa ya ji kunyar nuna wanda ya haife shi. 'Yan mata, ku karanta wannan da hankalinku a jikinku.

Auta na zaune a kujerar gaban mota, gumi na tsattsafo mata duk da sanyin da ke busowa. Awa guda ke nan suna cikin cunkoso a titin bakin teku.

Motar haya ce, baƙa, doguwa, gilasanta masu duhu. Injiniya, saurayinta, bai so ɗaukarta ba. Hutun mako ɗaya ya samu ya zo garin su Auta don ya gaida iyayenta, ya ce ƙaramar mota ta ishe shi. Ita ta kafe.

"Ƙawayena za su gan ka, masoyi. So kake a yi mini dariya?"

Ya biye mata, don sonta ya riga ya ci ƙarfinsa. Kwana huɗu yana tambayar yaushe zai ga Baba, kwana huɗu tana cewa ya yi tafiya. Manajan otal ne, in ji ta.

"Wannan ba mota ba ce, falo nake tuƙawa," ya ce yana dariya. Duk babur ɗin da ya gifta sai motar ta yi ta ƙara tana gargaɗi, har ya gaji ya kashe ƙarar.

A kujerar baya 'yar gwaggonsa ce, wadda mahaifiyarsa ta so ya aura, ta kuma haɗo su tare wai ta ga gidan surukai. Ta leƙo tsakaninsu.

"Yaya, yunwa fa. Ga gidan abinci can, mu shiga."

Auta ta yi saurin tarewa.

"A'a... ba nan ba. Wurin ajiye motarsu ya matse."

"Ashe kin san wurin," in ji 'yar gwaggon, tana murmushi. "Kada ki damu, amaryarmu. An ce akwai wani dattijo da ke shigar da kowace mota."

Injiniya ya riga ya karya kan motar.

Ga uban Auta nan a bakin ƙofa, da rigar aiki mai ƙyalli da usur a wuya. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a wannan kwalta, da ita ya biya wa Auta kuɗin karatu.

Ta zame cikin kujera, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Lafiya, 'yar lele?" in ji Injiniya.

"Kaina ke ciwo."

Wuri ɗaya ya rage, tsakanin ginshiƙi da bango. Injiniya ya sauke gilashinsa.

"Baba, ka taimake ni, ban saba da ita ba."

"Ba komai, ɗana. Ka dawo da baya a hankali, ina nan."

Da ya sa giyar baya, allon da ke nuna bayan motar ya haska. Sai ga fuskar ubanta a ciki, ya sunkuya yana duba tazarar bango.

Dattijon yana da hanyar aikinsa da duk direbobin garin suka sani. Bugu ɗaya a bayan mota, ka taho. Bugu biyu, ka tsaya. Ko a gida, tana ƙarama, in ta nufi wuta da gudu sau biyu yake bugun ƙofa, ta tsaya cak.

Bugu ɗaya. Motar ta matsa.

Bugu ɗaya.

Sai bugu biyu.

"Me yake nufi? In ƙara?" Injiniya ya tambaya.

Auta ta sani. Kalma ɗaya ce. Amma gilashi a buɗe yake, kuma ubanta zai gane muryarta ko cikin kasuwa ne.

Ta yi shiru.

Injiniya ya taka. Motar mai ƙarfi ce, ta zabura fiye da yadda ya nufa. Suka ji sautin da ba na ƙarfe ba.

"Baba!"

Sai a lokacin bakinta ya buɗe.

Injiniya ne ya ɗauki dattijon a hannu har asibiti. Gwiwa ta murƙushe. Likita ya ce zai taka da sanda, amma tsayuwar yini ta ƙare.

A barandar asibitin Auta ta riƙe hannun rigar Injiniya.

"Masoyi, ka saurare ni... tsoro na ji kada ka raina ni."

"Dako ubana ya yi har ya mutu, Auta. Da kin ce mini wannan ne Baba, da a kan kwaltar nan zan durƙusa in gaishe shi."

"Ka yafe mini, don Allah."

"Kin san ma'anar bugun?"

Ta sunkuyar da kai.

"Har yanzu ina sonki, shi ne abin da ke cina. Amma da ƙafata na take ubanki, kina gefena kina kallo. Duk ranar da na dube ki, ƙarar nan zan ji."

Ya zare hannun rigarsa a hankali.

Sauran kwana ukun hutunsa a gefen gadon dattijon ya yi su. Ya mayar da motar, ya tafi. 'Yar gwaggon ma ba ta same shi ba, don ya gane ba yunwa ta sa ta nuna ƙofar nan ba.

Da ɗakin ya rage su biyu, uban ya yi mata tambaya ɗaya.

"Tun yaushe kika gan ni?"

"Tun daga bakin ƙofa, Baba."



"Na yafe miki," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Ya yafe ɗin kuwa, bai taɓa tayar da maganar ba. To ga abin da shirun daƙiƙa biyu ya ci mata. Saurayin da ke sonta ya tafi. Ƙafar ubanta ta tafi, aikinsa ya bi ta. Kuma tun daga ranar, in zai kira ta, "ke" yake cewa. Bai sake ce mata Auta ba.