Saurayi Mai Kyautar 'Ya'yan Dara

A wani gari, can da daɗewa, wani saurayi ya dawo daga yawon duniya da wata dabarar dara. Da an fara wasa sai ya saki ɗansa guda da gangan, ya ce, "Ci, kyauta ce." Mai kwaɗayi ya ci, hanya ta buɗe, saurayi ya bi ta nan ya cinye shi. Haka ya yi wa mahauci, haka ya yi wa wanzami.

Da damina ta kawo kai, sai ya fara ɗaure kayansa. Baffansa, wanda ke fama da gonakin gidan shi kaɗai, ya ce, "Zauna mu buga. In ka ci ni, ka tafi. In na ci ka, noman bana da kai."

Suka tona gidajen dara, suka jera 'ya'ya. Saurayi ya saki ɗa. "Ci, Baffa, kyauta ce."

"Na gode, ɗana, na ƙoshi." Baffa ya matsar da wani ɗa daban.

Saurayi ya sake saki. "Ci, Baffa, kyauta ce."

"Kai, a garuruwan da ka je haka ake yi wa tsoho ɗura?"

Saurayi ya duba, ashe garin miƙa kyauta 'ya'yansa sun warwatse, ba mai tsaron wani. Baffa ya bi su a natse har ya share.

'Yan kallo sun zaci saurayi zai ce a sake. Sai ya karkaɗe riga ya ce, "Baffa, ta wace gona za mu fara gobe?"