Ƙwaya Mai Zaƙi

Da hantsi likita ya kira ofishin 'yan sanda da kansa. Sufeto bai saba ganin likita ya kawo ƙara ba, saboda haka ya bar shayinsa ya tafi asibiti.

"Malamar makaranta ce," in ji likitan. "An kawo ta yatsunta sun ƙanƙame, numfashi na sarƙewa. Sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa ƙwarai a jininta. Tun da aka yi mata aikin maƙoƙo jikinta ba ya riƙe shi, sai da ƙwaya kullum."

"Ta daina sha ne?"

"Ta rantse ba ta taɓa fashi ba. Ga kwalbarta. Abin da ke ciki sukari ne kawai. Da an ƙara mako guda, gawa za a kawo mana."

Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa jawur. Mai gyaran wuta ne, kowa Injiniya yake ce masa.

"Wa ke taɓa maganinta?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ƙanwarta ke saye, ranka ya daɗe. Ni ko kwalbar ban taɓa riƙewa ba."

Gidan ya ba Sufeto mamaki. Gidan mai gyaran wuta, amma ɗakin uwargida ko ƙwan fitila babu. An zare wayoyin bango, an toshe gurabensu da katako. A bakin ƙofa an rataye kwando, duk mai shiga sai ya zuba wayar salularsa. Shekara biyu ke nan Malama na cewa lantarki na sa ta ciwon kai da ƙaiƙayin fata. Sufeto bai san ko ya yarda ba, amma ya sa wayarsa a kwandon, don ɗakin mutane ne.

Ƙanwar ta iso tana latsa tata wayar.

"Ni nake kai mata maganin har gado, Yallaɓai."

"A wane gefe gadon yake?"

Ta nuna dama. Gadon yana hagu. Sufeto ya dube ta, ya dubi kwandon.

"To, gaskiya na daɗe ban shiga ba," ta ce, kamar ta nutse. "Wallahi ba na iya rabuwa da wayar nan. A kan tebur nake ajiye kwalbar, Yaya Injiniya ya shigar mata."

A ƙarƙashin teburin akwai akwatin kayan aiki. Sufeto ya kawar da filaya da salatif, sai ga leda cike da manyan fararen ƙwayoyi, an ɗaure ta tsaf. Ya daɗe yana juya ta a hannu. Mai son kashe mutum zubar da maganin yake yi. Wannan kuwa adana shi aka yi, kamar za a nuna wa wani.

Ya koma asibiti ya ajiye ledar a gaban Injiniya.

"Na wata nawa ne?"

Mutumin ya dubi ledar. "Wata uku."

"Don me?"

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin da wuta nake ciyar da ita. Yanzu in na dawo aiki sai ta ce in tsaya a waje, wai jikina na ɗauke da abin. Na gaji. Na ce zan nuna mata a zuciyarta ciwon yake. In ta yi wata uku tana shan sukari lafiya lau, sai in zazzage mata ledar nan a gabanta, mu koma yadda muke."

"Ka san na mene ne ƙwayar?"

"Na ciwon lantarkin nan mana."

Likita ya girgiza kai. "Ciwon lantarki ba ni da ta cewa a kansa. Wannan ƙwayar ta aikin wuyanta ce. Ka taɓa rako ta nan ka ji bayani?"

Injiniya bai taɓa rako ta ba. Ya haɗa komai nata ya zuba a kwando ɗaya, ya kira shi shirme, har abin da ke riƙe da ranta. Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushinsa, bai san wanne ya fi ba.

Kafin a fita da Injiniya Malama ta nemi ganin Sufeto. Muryarta da ƙyar take fita.

"Na ji ɗanɗanon ya sauya," ta ce. "A duhu nake sha, amma harshe ba ya ɓata. A da kamar alli take, sai ta koma zaƙi."

"Me ya hana ki faɗa, Malama?"

"Na ɗauka shi ya nemo mini mai daɗin sha. Na ce ashe ya fara yarda da ni. Har addu'a na yi masa."

Ƙofar a buɗe take, Injiniya ya ji komai. Da Saje ya zo da ankwa bai jira an ce masa ba, ya miƙa hannu biyu.